Habila Ya Sake wa Ƙarya Suna

Akwai wani mutum mai kiwon zabi, sunansa Habila. Yana da injin ƙyanƙyashe ƙwai, irin wanda ƙaramar kwamfuta ke lura da zafinsa. Mutum ne mai kaifin kai, kuma ya san da haka. Sai ya shiga ajin koyon rubuta wa kwamfuta umarni, don ya riƙa sarrafa injinsa da kansa.

Ran farko Malama Keziya, mai koya musu, ta rubuta wasu 'yan kalmomi a allo tare da fassararsu: idan, tsaya, gaskiya, ƙarya. Ta ce, "Duk abin da kuka ƙirƙira, ku raɗa masa sunan da kuka ga dama. Amma waɗannan keɓaɓɓu ne. Wanda ya tsara harshen shi ya ba su ma'ana, da su inji yake gane abin da ake nufi. Kada ku taɓa su." Habila ya gyaɗa kai, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Ba a daɗe ba ya rubuta nasa umarnin, ya kuwa yi kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Kowane minti kwamfutar takan duba ko zafin ciki ya yi daidai. In amsar gaskiya ce, koriyar fitila ta kama, aiki ya ci gaba. In ƙarya ce, ƙararrawa ta yi kuka, wutar ɗumama ƙwan ta mutu har zafin ya sauka. Labari ya bazu a gari. Matan zumunta na ikilisiya suka tara ƙwan zabi ɗari huɗu cif, suka danƙa masa ta hannun shugabarsu, Mama Afiniki. Nufinsu su raba wa gwauraye bakwai na ikilisiya, matan da mazajensu suka rasu, 'yan zabin, kowace ta sami abin kiwo.

Sai aka shiga kwanakin zafi, ɗakin injin kuwa rufin kwano ne. Da rana ta take, ƙararrawa sai ta kama kuka. Wata rana Mama Afiniki ta leƙo ta kan danga, ta ce, "Habila, ɗana, lafiya injin nan yake ta kuka?"

Ya ce, "Lafiya lau, Mama. Haka yake yi."

Amma kunya ta kama shi, ransa ya ɓaci. Abin da ɗakin ke bukata bai wuce taga da ɗan bunu a kan kwano ba. Ina! Habila ya zauna gaban kwamfuta, ya ce ai laifin kalmar nan ta ƙarya ne. Ya gwada ba ta wata ma'ana, kwamfutar ta ƙi, ta fito masa da jan rubutu. Ya sake, ta sake ƙi. Maimakon ya ji tsoro, sai taurin kai ya motsa. Ya yi ta lalube har ya gano wata ɓarauniyar hanya, layi ɗaya tak a saman umarnin: duk inda aka ga ƙarya, a karanta gaskiya.

Ƙararrawa ta yi tsit. Fitila ta zauna koriya shar. Habila ya yi murna, har ya yabi kansa.

Bayan kwana uku, saura kwana huɗu ƙwai su fashe, Mama Afiniki ta zo da biyu daga cikin gwaurayen su ga abinsu. Habila ya nuna musu fitilar yana murmushi, sannan ya buɗe murfin injin. Zafi ya bugi fuskarsa kamar na bakin tanda, wari ya biyo baya. Ya ɗauki ƙwai ɗaya, ƙwan ya ƙone shi a yatsa. Ya fasa. Ga ɗan zabo cikakke, da baki da gashi, ya dahu.

Ya fasa na biyu, ya fasa na goma. Duka haka. Ɗaya gwauruwar ta kama baki, ɗayar ta zauna daɓas a ƙasa. Mama Afiniki ta dubi ƙwan, ta dubi fitilar da ke ci koriya har yanzu, ta ce a hankali, "To, me ya hana injin kuka?"

Habila ya buɗe baki ya ce, "Ni na hana shi, Mama."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Allah ya ba mu sarari mai yawa, mu sa wa 'ya'yanmu da gonakinmu da sana'o'inmu sunayen da muke so. Amma akwai kalmomin da ya keɓe wa kansa: gaskiya, ƙarya, zunubi, tuba. Ba mu muka ba su ma'ana ba, ba mu da iko mu sake ta. Ƙararrawar nan lamirinka ce. Ranar da ka kira sata dabara, ka kira gulma addu'a domin ɗan'uwa, lamirinka zai yi shiru, za ka ji daɗi ƙwarai. Amma zafin bai sauka ba. Kuma ku lura, ƙwan da suka ƙone ba na Habila ba ne. Kai ma akwai waɗanda aka danƙa a hannunka, suna zaune kusa da kai a bencin ikilisiyar nan. In wani abu yana kuka a zuciyarka yau, kada ka sake masa suna. Tashi ka duba.