Dankalin da Ake Takawa da Ƙafa

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye can saman duwatsun Peru, sunanta Fortunata. Mace ce mai kafiya, in ta ce a'a to ko limamin coci sai dai ya haƙura.

Duk watan Yuni, in sanyi ya kankama, takan baza dankalinta a fili ya kwana uku ya daskare. Da hantsi sai ta tuɓe takalmi ta bi shi da dunduniya tana tattakewa har ruwan ya fita, ya bushe ya yi baƙi ƙirin. Shi ake kira chuño, yana shekaru a rumbu bai lalace ba.

Ɗan ƙaninta Wilber, wanda ta yi rainonsa tun yana ƙaramin maraya, ya koma birni yana yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Ranar nan ya taho da baƙi takwas su kwana uku a gidanta, su ga duwatsu, su ɗanɗana abincin gargajiya. Amma fa da kwalin taliyarsa ya zo.

Ya ja ta gefe ya ce ta ɓoye dankalin nan, don mutanen nan ba za su ci abin da aka taka da ƙafa ba. In ta kunyata shi, ba zai ƙara kawo mata baƙo ba. Ya kuwa san da zuwan baƙin take sayen maganin idonta.

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, shekarar da ƙanƙara ta kashe gonaki, wannan ƙafar ce ta ciyar da kai. Kwashe baƙinka in ka ga dama."

Washegari ta fita fili a gabansu ta hau aikinta, har da waƙa. Wilber ya haɗe rai, ya ce su haɗa kaya, gobe da sassafe za su wuce.

Ashe dusar ƙanƙara na nan tafe. Ta zuba ta toshe hanyar dutsen, mota ba shiga ba fita. Kwana biyu taliya ta ƙare ƙaf, baƙi suka fara hamma.

Gogan naka Wilber ya zo bakin murhu yana sosa ƙeya. "Goggo, a taimaka."

Ta ce rumbu cike yake, baƙi kuwa ba ruwansu, za su ci su ƙoshi. Shi dai sai ya tuɓe takalmin birnin nan ya tattake sauran dankalin da ta kwashe ta kai cikin rumfa saboda dusar ƙanƙara, a gaban kowa.

Haka ya tuɓe. Sanyi na ratsa shi har ƙashi, yana takawa yana cije leɓe, baƙi na kallo. Can wata baturiya ta cire nata takalmin ta shiga, sauran suka biyo ta.

Fortunata ta zuba wa kowa miyar chuño da naman rago. Da ta zo kan Wilber ta miƙa masa tsohon ƙoƙon da yake ci a ciki yana yaro, ta ce, "Ci a hankali, an taka shi da ƙafa." Ya karɓa da hannu biyu ya hau ci.

Darasi: Kada ka ji kunyar abin da ya raya ka don ka burge baƙo. Tura wa wanda ya shiga birni ya fara ƙyamar tukunyar gidansu.