Madubin Mawaƙi da Belin Dagaci

"Ranka ya daɗe, na rantse ko na faɗa ba za ka yarda ba," in ji Barmo, yana ƙara baza babbar rigarsa a zauren Dagaci Shekarau na Kwarin Ɗorawa.

Barmon nan shi ake kira Likita Saura-Ƙiris, don ya taɓa shiga makarantar koyon aikin lafiya, ya fito ba takarda. Shi dai cewa yake yi malaman ne suka ga ya fi su, suka sallame shi. Abin da ya kawo shi da hantsin nan kuwa, muryar Dagaci ce ta dishe tun damina, an sha sassaƙe da zuma ba sauƙi. Sarkin Aska Nomau ya leƙa bakin ya ce beli ne ya sauko, yau za a yanke. Uwargida Hajiya Delu ta yi ta roƙon a je asibiti a duba tukuna, Dagaci ya ƙi, sai ta aika wa Barmo a ɓoye, don ta san maigidan ba ya jin shawara amma yana jin labari. Aka kuma yi dace, zabirar Sarkin Aska ta yi ɓatan dabo a ƙofar zaure, yana can yana nema yana zage-zage.

Dagaci ya ɗaga hannu, alamar a ci gaba. Barmo ya shafa sumarsa da yake ji da ita, ya ce ya karanta wannan a wani littafi da ba a ba kowa sai shi.

A wata ƙasa ta bakin teku an yi wani mawaƙi, wai shi Ɗan Tsirkiya, wanda in ya buɗe baki har masunta kan manta da taru. Wata rana muryarsa ta dishe. Masu magani suka taru, kowa ya leƙa ba ya ganin komai sai beli yana reto, suka ce shi ne mai laifi, a yanke. Mawaƙi ya roƙi a ba shi zuwa azahar, ya tafi bakin wata rijiya ya zauna yana gwada waƙa, abin na fita kamar ana jan buhu a ƙasa. Sai wani tsohon kwaɗo ya ɗago kai ya ce ya ji ana shiga sana'arsa ba sallama. Da ya ji abin da ke tafe da shi, ya ce, "Malam mawaƙi, kafin a sa maka aska, ji abin da ya sami mai rijiyar nan."

Mai rijiyar, in ji kwaɗo, sunansa Jatau. Wata shekara ruwan ya soma ɗoyi. Jatau ya leƙa, ƙasa duhu, ba abin da yake gani sai reshen ceɗiya da ya rufe bakin rijiya, ya ce ganyensa ne ke zuba, ya sare shi. Ɗoyi na nan. Ya sare bishiyar ɗungurungum, inuwar da mata ke hutawa ta tafi, ɗoyi ya ƙaru. Sai wata tsohuwa mai kitso ta zo wucewa, ta ciro madubinta ta tari rana, ta jefa hasken can ƙasa. Ga mushen muzuru yana yawo a kan ruwa. Kwaɗo ya ce, "Ni ina ciki ina kallo, ba wanda ya tambaye ni. Jatau ya hukunta abin da idonsa ya kai gare shi ne kawai, ya wayi gari ba ruwa ba inuwa."

Mawaƙi ya koma gida yana ta juya maganar, ya ce ai maƙogwaro ma rijiya ce. Ya sa maƙeri ya ɗaura masa ɗan madubi kamar ƙwayar gurjiya a bakin waya. Ya fita rana, ya riƙe babban madubi a gabansa yana turo haske, ya zura ƙaramin can ƙuryar baki. Da farko tururin numfashi ya dusashe shi, sai ya ɗumama shi a ruwan zafi. Ya leƙa, ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani a jikin mai rai: wasu jijiyoyi biyu farare can ƙasa, in ya ja numfashi su buɗe, in ya yi sauti su haɗu suna rawa. A jikin ɗaya ga wani ɗan ƙurji. Beli kuwa yana can sama kamar labulen ƙofa, ba ruwansa.

Barmo ya ce daga nan likitoci suka ɗauka. Waɗansu suka maye rana da fitila, na bayansu suka yi siririn bututu mai haske da ake zurawa ta hanci, mutum na zaune ana kallon cikin wuyansa. "Kuma ranka ya daɗe, mawaƙin bai ce kada a yi yanka ba. Cewa ya yi a ga muzurun tukuna."

Dagaci ya shafa wuya. Sannan ya ce, da 'yar muryar da ta rage, a gaya wa Delu ta shirya, yau za a je asibiti a leƙa rijiyar.

Daɗi ya kwashe Barmo, ya miƙe zai nuna yadda shi ma ya taɓa leƙa maƙogwaron wani babban soja da madubin babur. Miƙewarsa ke da wuya, ƙahon tsaga ya gangaro daga ƙarƙashin rigarsa, ya tsaya daidai ƙafar Sarkin Aska da ke shigowa. Ga zabira nan a inda ya tashi, ta baje don nauyinsa.

Barmo ya ce shi ma yanzu ya gan ta, kuma aljanun zaure sun saba irin haka.

Sarkin Aska ya ɗauki zabira ya kaɗe. Dagaci, kafaɗunsa na rawa don dariyar da ba ta fita, ya raɗa cewa tunda an wasa aska, kada ta koma haka nan, amma a bi koyarwar Likita, a duba kafin a yanka. Dogarai suka zaunar da Barmo. Sarkin Aska ya danne masa harshe da cokali, ya daɗe yana leƙe, Barmo na zufa.

Ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, belinsa lafiya lau. Harshen ne ya yi tsawo, shi kuma ba na yanka shi. Amma ga suma."

Aka aske rabin kan nan ƙwal, ba ko sabulu, aka bar rabi. Dagaci ya ce sauran sai an dawo, kuma Likita Saura-Ƙiris ne zai shiga gaban mota ya raka shi asibiti, ba hula.