Ƙullin Kwana Ɗaya

Akwai wani mawaƙin haikali a garin Thrissur mai suna Kesavan. Duk safiya idan aka rufe ƙofar ɗakin bauta, shi ke tsayawa bakin matakala da 'yar gangarsa, yana rera waƙa har a buɗe. Kakansa ya yi, mahaifinsa ya yi. Murya kuwa, ba a magana.

Sai ƙwannafi ya sako shi gaba. Ƙirji kamar an zuba garwashi, ruwan tsami har maƙogwaro. Zama ba daɗi, kwanciya ba daɗi, sai safa da marwa a tsakar gida. Murya ta fara dushewa, ga babban bikin shekara saura wata guda.

Matarsa ta tura shi wurin Bhargavi, wata tsohuwa mai maganin gargajiya a hayin gonakin shinkafa. Tsohuwa ta taɓa jijiyar hannunsa, ta duba harshensa, ta miƙo masa ƙulli ɗaya tak. Ta ce ya bar barkono da yajin ɗanyen mangwaro, ya rage kofi, ya daina kwanciya da ya ci ya ƙoshi. Abincin yamma kafin faɗuwar rana, sannan ya tako da ƙafa ya karɓi ƙullin gobe.

"Yaya, haɗa min na wata guda mana. Ni fa ba zaman banza nake ba."

"Bakinka ne ba ya zaman banza, ƙanena. Gobe ka zo."

Kwana uku yana zuwa, ya ji dama-dama. Rana ta huɗu ya sunsuna ƙullin, ya gane garin amla ne, wani ɗan itace mai tsami, da wata saiwa mai zaƙi, abin da kowane kanti ke sayarwa. Ran maza ya ɓaci. A kan wannan ake wahalar da shi? Gogan naku ya sayo kwalba guda, ya ninka awo, ya koma wa miyar kifinsa mai yaji da barcin bayan shinkafa.

Ranar biki haikali ya cika maƙil. Aka rufe ƙofa, Kesavan ya ɗauki waƙa. A baiti na uku tsami ya taso masa, murya ta ɗauke ɗif. Ya yi gyaran murya, ya sake, babu. Sai ganga kaɗai ke tashi, ɗaruruwan mutane sun zuba masa ido. Kafin azahar aka ba wani mawaƙi matakalar kakan Kesavan.

Da yamma ya taka har hayi, kunya kamar ya nutse. Bhargavi ta janyo kwando, ga ƙulli ashirin da bakwai a ciki, kullum tana ɗaura nasa tana jira.

"Garin maganin kam ko'ina akwai shi. Tafiyar ce ba a sayarwa a kanti."

Ta miƙa masa ɗaya. "Gobe ka zo."

Darasi: Magani ba ya gyara abin da kake ɓatawa da hannunka kullum. Idan masani ya gindaya maka sharaɗi, kada ka ɗauki mai sauƙin ka watsar da mai wuyar. Ku tura wa wanda kuka san yana shan magani amma ya ƙi sauya hali.