Yaron Da Bai Taɓa Jiƙa Rigar Kowa Ba

Akwai wani manomin rani a Bunkure, Maharazu, wanda idan ciyawa ta toshe masa hanyar ruwa, ko abinci ba ya ci sai ya buɗe ta. Matarsa Kubra ta haifa masa ɗa, Suhaibu.

Kun san jariri namiji, ana kwance masa zani zai tsula wa mutum fitsari har fuska. Suhaibu bai taɓa ba. Nasa ɗigo-ɗigo yake fita, yana nishi, mara a kumbure.

Gidan kuwa sai yabo. Kakarsa Iyatu takan ce, "Wannan miji nawa akwai kunya, bai taɓa jiƙa ni ba."

Kubra kaɗai abin yake ci. Ta ce, "Malam, fitsarin yaron nan fa ba ya fita. Mu kai shi asibiti."

Maharazu ya ce, "Ke kin fi Iya sanin yara ne? In an yi masa kaciya zai buɗe. Tumatir ɗina yana nuna, ki ƙyale ni!"

Wallahi wannan magana tana ƙona min rai. Mutumin da ya fi kowa sanin ɓarnar toshewa, wai shi ne mai faɗar haka!

Aka yi ta tafiya, yau zazzaɓi, gobe zazzaɓi, yaro yana ramewa. Ranar da ya ƙi nono ya soma amai, Kubra ba ta sake roƙon kowa ba. Ta goya abinta sai asibitin Kura, daga can aka tura su Kano.

Hoton da aka yi masa a asibiti ya nuna wani ɗan tantani da aka haife shi da shi ya tare hanyar fitsari, fitsarin yana komawa baya yana danne ƙoda. Aka sa masa robar fitsari, daga baya aka yanke tantanin.

Maharazu ya biyo su a fusace, da niyyar yi mata faɗa. Likitar da ke duba yaron ta tare shi: "Ƙoda ɗaya ta riga ta lalace. Da matarka ta ƙara jiran izininka, da ɗayar ma ta bi."

Bayan an sallame su, ranar wata Juma'a Maharazu yana sanye da farar shadda ya ɗauki yaron. Suhaibu ya tsula masa fitsari har gemu. Iyatu ta miƙo hannu da sauri za ta karɓe shi.

"Bar shi, Iya," in ji shi, hawaye na zuba. "Bar shi ya gama."

Darasi: Ɗigon fitsari da nishi ga jariri namiji ba kunya ba ce, ciwo ne, kuma kaciya ba ta maganinsa. Maigida, in uwa ta ce ta ga wani abu, ajiye girman kai ku tafi asibiti. Ku tura wa duk gidan da aka yi haihuwa.