Ramin Tarwaɗa a Bayan Gida

Akwai wani mutum mai gida a bakin kogi, wanda ya gaji da raba kifi da maƙwabta. Sai ya haƙa babban rami a bayan gidansa, ya cika shi da ruwa. Da damina ta yi tsakiya, lokacin da masunta sukan rataye komarsu domin kifi ya hayayyafa, shi kuwa ya ɗinka taru mai ƙananan idanu, ya bi gaɓar kogi yana kwashe 'ya'yan tarwaɗa, ya zuba su duka a raminsa. Abin da zai ciyar da iyalinsa da rani ke nan, gama ko gona bai nome ba a shekarar.

Masu kiwon tarwaɗa suna da al'ada: lokaci lokaci sukan tsame kifin, su ware manya daga ƙanana. Mutumin nan ya ji labarin al'adar, ya ga aiki ne, ya ƙyale.

Da fari, in ya watsa abinci, ruwan yakan tafasa da ƙananan bakuna. Bayan wani lokaci matarsa ta tsaya a bakin ramin ta ce, "Baban Rifkatu, bakunan nan fa sun ragu."

Ya ce, "Ƙoshi ne. Wanda ya ƙoshi ba ya rububi."

Ta ce, "To, Allah ya sa. Ni dai ban taɓa ganin tarwaɗar da ta ƙoshi ba."

Kwanaki suna tafiya, ruwan ya yi kore, ya yi kauri, ya daina motsi. Ba mushe ko ɗaya da ya taso. Wannan ya faranta masa rai ƙwarai, gama a ganinsa inda ba gawa ba mutuwa. Kwaɗi suka bar kuka a wurin. Wata rana agwagwar gidan ta sauka da 'ya'yanta, ta fito ita kaɗai. Har ya kai in ya watsa abinci da tsakar rana, sai ya ga abincin yana yawo a sama, sa'an nan ruwan ya lotsa a hankali a wuri ɗaya, babu ƙara, abincin ya ɓace.

Da rani ya yi, ya kira matarsa ta kawo kwanduna, ya buɗe magudana. Ruwa ya janye, ya janye, har laka ta bayyana. A tsakiyar lakar ga tarwaɗa guda ɗaya kwance, baƙa, tsawonta ya kai na mutum, gashin bakinta yana motsi. Ba ta yi tsalle ba. Ta juyo da kanta wajensa, ta buɗe baki, tana jira.

Matar ta ajiye kwandunan a hankali ta ce, "Ina sauran?"

Ya dubi tarwaɗar ya ce, "Suna ciki."

Ya ɗauki tarunsa ya gangara kogi domin ya sake farawa. Ya tarar masunta zaune a kan jiragensu, komarsu a bushe. Ba wanda ya zage shi. Suka dai bi shi da ido.

Ma'anar wannan misali ita ce: kogin nan alherin Allah ne, wanda ya shimfiɗa domin kowa, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wanda ya kwashe ƙananan kifi ya ci abincin jikokinsa da na maƙwabcinsa, ko da ya yi addu'a kafin ya ci. Ramin kuwa zuciyarka ce. A cikinta akwai tausayi, da kunya, da tsoron Allah, akwai kuma kwaɗayi, dukansu ƙanana ne da farko. Tarwaɗar ba ta yi laifi ba, aikin tarwaɗa ta yi. Mai ramin ne bai ware ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ka ji zuciyarka ta yi tsit, ba abin da yake damunka kuma game da kowa, kada ka yi saurin kiransa salama. Ka janye ruwan tun yau, ka duba wa ya rage.