Ɗalibin da Ya Cinye Awoyin Abokiyar Aikinsa

Jama'a, yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da bakina.

A wata jami'a akwai wani ɗalibi da ake kira Injiniya. Ba kowa ya sa masa sunan ba, shi ya laƙaba wa kansa tun yana aji ɗaya. Yaron yana da kai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ji da kansa ya ninka ƙwaƙwalwar.

A shekarar ƙarshe, wani Dakta ya ɗauki ɗalibai biyu su yi bincike a kan babbar kwamfutar jami'ar, shi da wata 'yar ajinsu da ake kira Auta. Kwamfutar nan ɗaki guda ta cika, akwatuna baƙaƙe a jere kamar firji, ga sanyi, ga ƙarar fankoki. Lissafin da kwamfutar hannu za ta shekara tana yi, ita cikin kwanaki take gamawa. Shi ya sa ake bin layi, kuma awoyi ake yanka wa kowace ƙungiya. In naku sun ƙare, sai baɗi.

Aikinsu shi ne su lissafa inda ruwa zai bi a cikin gari in an yi mamakon ruwan sama, a san unguwannin da ambaliya za ta ci. Injiniya ya ɗauki gabas, Auta yamma, awoyin kuma na haɗaka ne. Wannan binciken shi ne aikin kammala digirinsu. Wanda bai kawo sakamako ba, ba zai fita bana ba.

Dakta ya ja musu kunne: "Ku fara gwadawa a ƙaramin yanki. Kuma ku sa aikin ya riƙa ajiye abin da ya lissafa a kan hanya, domin injin yana yanke duk aikin da ya wuce wa'adinsa."

Auta ta bi magana. Unguwa ɗaya take turawa, ta duba, ta gyara, ta sake turawa. Injiniya ya leƙa allonta ya kwashe da dariya.

"An ba ki tirela kina ɗaukar buhu ɗaya. Wannan dokar ta 'yan koyo ce."

Ana haka Umman Auta ta kwanta rashin lafiya, ta tafi gida jinya. Kun san abin da ɗan rainin hankalin nan ya yi? Ya haɗa garin gaba ɗaya, gabas da yamma, ya tura a matsayin aiki guda, don Dakta ya ga shi kaɗai ma ya isa. Bai gwada ba. Ya kuma cire ajiyar kan hanya, wai tana rage masa gudu.

Aikin ya yi ta zuƙe awoyi har wa'adi ya cika, injin ya yanke shi. Ko layi ɗaya ba a ajiye ba.

Auta ta dawo da zumuɗi, ta tura babban aikinta. Allo ya nuna mata awoyinsu sun ƙare. Ta sami Injiniya a bakin ɗakin kwamfutar yana latsa waya.

"Ina awoyina?"

"Ke matsalarki hayaniya. Injin ne ba shi da ƙarfi."

"Na tambaye ka, ina rabona? Umma tana kwance tana gaya wa masu dubiya bana autarta za ta gama. Me zan je in ce mata? Wa ya ba ka izini?"

"To, ai ba da gangan na yi ba."

Wallahi wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai. Mutum ya taka doka da ƙafafunsa biyu, ya cinye rabon wani, sannan ya ce ba da gangan ba.

Dakta ya je neman ƙarin awoyi, aka ce wasu ɗaliban na kan layi, ba za a tauye su ba. Ya dawo ya ce, "Abin da ke hannun kowa shi zan duba."

Auta ta share hawayenta, ta tattara ƙananan gwaje-gwajen da ake yi mata dariya a kansu. Unguwanni kaɗan ne, amma kowanne ingantacce. Ta haɗa su, Dakta ya karɓa. Injiniya kuwa babu abin da zai nuna.

Sai ga shi da 'yan aji sun zo roƙon Auta. Wai ta sa sunansa a aikinta, ai an san ta da haƙuri. Ku ji fa. Ranar da aka zalunce ta babu wanda ya buɗe baki, yau kowa ya zama mai wa'azi.

Auta ta dube shi ta ce, "Tsakanina da Allah na yafe maka. Amma aikin da ba ka yi ba, ba zan ce ka yi ba."

Auta ta fita da 'yan ajinta, Umma ta samu sauƙi har ta je bikin yaye ɗalibai. Injiniya ya maimaita shekara. Da ya koma neman awoyi, Dakta ya gindaya masa sharaɗi: duk aikin da zai tura, sai sabon mataimakin bincike ya duba ya amince.

Ya ƙwanƙwasa ofishin mataimakin. Auta ce ta ce masa ya shigo. Ashe ita Dakta ya ba muƙamin.

Darasi: Abin da aka ba ku ku biyu ba naka ba ne kai kaɗai, ko da ka fi kowa iyawa. Kuma yafiya ba ta nufin a yi maka ƙarya a rufa maka asiri. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, musamman mai ganin doka ta 'yan koyo ce.