Ofishin da Ya Sauko Ƙasa

Wai an yi wani darakta, Alhaji Sidi, da ya kafa teburinsa a hawa na uku na ofishin rajistar masu sana'a. Guragun garin suka aika masa roƙo a dawo da rajista ƙasa.

Ya aiko da amsa cewa, "Shekara goma ba gurgu ko ɗaya da ya hau ya yi ƙorafi. Mai ƙorafi ya zo ofis da kansa, ba a ɗauke ba."

Yagana mai ɗinkin hula, wadda rashin rajista ya hana ta rumfa a kasuwa, ta tura kekenta na guragu bakin ƙofar ofishin. Da aka tashi aiki daraktan ya sauko, ma'aikata na biye da shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka raba mana gardama. Wasu na cewa kujerar sama ce ofis, kai mai gadinta ne kawai."

Ya fusata ya ce, "Ni ne ofis! Duk inda na tsaya, nan ne ofis!"

Ta ce, "Alhamdulillahi, ashe na iso. Ga ƙorafina."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya karɓi takardar da ta miƙa masa, ya jujjuya ta, ya ce, "Wannan ai Barbarci ne, ba na ji."

Ta ce, "Ayya, bawan Allah! A nemo maka tafinta. In ya zo, ka sauko da teburinka nan ƙasa, ka zaunar da shi a gefensa, mu ma ba ma jin Turancinka."